Kifi Biyar Kacal

Ragar kamun kifi na hannunta lokacin da ta ji sallamarsa.

Khaulat ba ta juya ba. Wata takwas rabon da muryar nan ta shiga kunnenta, amma ko a tsakiyar kasuwar Azare aka yi ta, sai ta tsince ta cikin dubu. Ragar ta suɓuce ta nutse cikin ruwa, ƙananan kifayen suka watse.

"Wa'alaikumus salam," ta amsa wa gilashin da ke gabanta.

"Khaulat..."

"Me za a ba ka, Yallaɓai?"

Abdulsamad ya tsaya a bakin tebur. Da can Gimbiya yake ce mata, ita kuma ta ce masa Abduna, har maƙwabtan shago suna yi musu dariya. Yau ga shi ya koma Yallaɓai, kamar mai karɓar haraji.

Ta ji ƙarar an ajiye abu mai nauyi a kan tebur. Sai a lokacin ta juyo, ta kuwa yi da-na-sanin juyowa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma ba shi ne ya tsinka mata zuciya ba, abin da ya ajiye ne. Dogon gilashin kifi, siriri, faɗinsa taƙi ɗaya da rabi, tsayinsa kamu ɗaya da rabi, ƙura ta rufe shi. Ita ta yanka gilashin nan, ita ta liƙe shi da hannunta.

"Kifi nake so a zuba a ciki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Gobe za a yi jere."

"Jeren wa?"

Ta sani sarai. Duk Azare an sani, har katin aurensa ta gani a wayar wata. So take ta ji daga bakinsa, don akwai ciwon da mutum kan sosa da gangan.

"Na Zuliha. Jibi Juma'a ɗaurin aure."

"Allah ya sanya alheri."

"Masu duba ɗaki ne suka ga lungun nan na tsakanin taga da ƙofa wayam, suka ce ba a barin ɗakin amarya da giɓi. An gwada kabad bai shiga ba, an gwada fulawa ta yi kaɗan. Shi ne Hajiya ta ce a ɗauko wannan daga sito a wanke. Na nemi mai sayar da kifin ado na Kano, wayarsa a kashe. Wallahi da akwai wani shagon a garin nan, da ban zo na fama miki ba."

Ina kabad zai shiga? Lungun ai ba don kabad aka bar shi ba.

Bari a koma baya kaɗan. Khaulat ƴar masunta ce daga Katagum. Kawu Ɗanladi, ƙanin mahaifiyarta, shi ya riƙe ta tun tana ƴar shekara shida, a bakin kogi ta yi wayo, tana warware masa komar kamun kifi. Da ta gama karatun kiwon kifi kowa ya ɗauka gonar tarwaɗa za ta yi kamar sauran. Sai ta zo Azare ta buɗe shagon kifin ado, mutane suka yi ta leƙe suna cewa yau ga kifin da ba a ci, sai dai a ciyar da shi.

Ruwan sama ne ya koro Abdulsamad cikin shagon wata rana, yana dawowa daga wurin aikin gini da yake kula da shi. Ya kalli wani ɗan kifi da bai kai ɗan yatsa ba, ya dake ya ce a auna masa kilo biyu. Ta ce ya dawo bayan shekara ɗari. Ya dawo washegari. Shekara biyu yana dawowa, har ya fara ginin gidansa, ya kai ta tare da ƙawarta ta auna lungun nan da taƙin hannunta, ya ce wa magina kada wanda ya taɓa wurin, na Gimbiya ne.

Hajiya Baturiya, mahaifiyarsa, ita ce ta ce ba da ita ba. A cewarta ƙarni ba ya fita a jikin ɗan masunci ko da turaren Makka aka yi masa wanka. Ga kuma Zuliha, ƴar ƙaninta da ta rena a ɗakinta, kyakkyawa mai ladabi, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Irin waɗannan masu sanyin bakin ai su ake tsoro, amma wa ya isa ya faɗa?

Khaulat ce ta kawo shawarar a fara ajiye gilashin a falon Hajiya, ko zuciyarta ta yi laushi. Abdulsamad zai tafi Bauci kwas na mako guda. Kafin ya tafi ya zo shago ya nuna wani ɗan gofi, irin ƙananan nan masu faffaɗar jela, shuɗi mai ɗigon baƙi a wutsiya.

"Wannan kada ki kai shi. Namu ne, sai ranar da kika tare."

Ta ware shi a ƙaramar kwalba. Washegarin tafiyarsa ta je gidan ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta shimfiɗa tsakuwa, ta dasa ciyawa, ta jona injin iska, ta saki gofi biyar.

Hajiya ta kalli gilashin daga sama har ƙasa.

"Shi ke nan? Waɗannan ƴan tsirarun? Ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Ashe a gidan masunta ma ana rowar kifi."

A wurin Hajiya kyauta ta girma ita ce mai cika ido, a zo gani a fita ana labari. Khaulat ta buɗe baki za ta yi bayani, Hajiya ta miƙe ta shige ɗaki.

Kwana huɗu tsakani aka kira ta a waya. Kifi sun mutu duka, falo ya ɗauki wari, baƙi na zaune. Hajiya ta ce ta gane komai, abu aka haɗa aka aiko mata a cikin ruwan, Allah ya sa kifin suka tare mata, da ita ce a kwance. Ta yi rantsuwa kada Khaulat ta ƙara taka ƙofar gidanta. A ranar Abdulsamad ya dawo, da yamma saƙonsa ya shigo, layi ɗaya: "Ki yi haƙuri, Hajiya ta rantse."

Shi ke nan, shekara biyu ta ƙare a layi ɗaya. Magana ta zaga gari cewa mai kifin ado tana haɗawa da asiri, wasu matan suka daina shigowa shagon. Ita kuwa Khaulat wata takwas tana tuhumar kanta, ko ruwan ne bai kwana ba, ko tsakuwar ce ba ta wanku ba, ko ita ce ba ta iya aikinta ba.

To yau ga gilashin ya dawo inda ya fito.

Ta ɗauko tsumma ta fara goge ƙurar, don hannunta ya sami abin yi.

"Wane iri kake so?"

"Irin waɗanda kika zuba a da. Jajayen nan manya, kifin gwal. Kamar goma, su cika ido. Amma don Allah ki zaɓo masu ƙwari, kada a maimaita."

Tsumman ya tsaya.

"Waɗanne jajaye?"

"Na falon Hajiya mana."

"Ban zuba ja ko ɗaya ba."

"Khaulat, ni na kwashe su da hannuna. Ina saukowa daga mota aka miƙo mini bokiti. Goma manya jajaye, sai wasu ƙanana da ban ƙirga ba, duk sun juya ciki sama."

"Biyar na zuba, Abdulsamad. Gofi biyar, duk maza don kada su hayayyafa. Ni zan zuba kifin gwal goma a wannan? Ni?"

Ta buga saman gilashin da tafin hannu.

"Dubi bakinsa! Ko faranti ya fi shi faɗi. Kifi ba ya numfashi da zurfin ruwa, ta fuskar ruwa iska ke shiga. Kuma kifi ba ya hawa bene, gefe da gefe yake iyo. Dogon gilashi ido kawai yake cikawa, wurin zama kaɗan ne a ciki. Kifin gwal ga ci ga kashi, ga shan iska kamar mai gudun tsere. Ko ɗaya ba zan saka a nan ba. Goma kuwa, a zafin Azare, ana ɗauke wuta injin ya tsaya, kafin la'asar..."

Ta tsaya cak.

Ta taɓa faɗin maganar nan. Kalma da kalma, a tsaye a wurin nan, hannunta a kan teburin nan.

"Me ya faru?" ya tambaya.

Ta zauna a kan benci.

"Washegarin da na kai gilashin, Zuliha ta zo nan. Ta ce Anti Khaulat kifin nan sun yi kyau, koya mini yadda zan kula miki da su. Ta ce Hajiya na son manya jajaye, me zai faru in an ƙara? Na ce kul, kada ki soma. Ta ce kamar guda nawa ne za su yi illa? Na ce ko uku sun isa, goma kuwa ba za su kwana biyu ba, har na cikin za su ja." Ta dafe goshi. "Har lemo na saya mata. Na ji daɗi na sami ƴar'uwa a gidanku."

Fuskarsa ta sauya.

"A wancan makon ta je Kano... wai gaida ƙawarta da ta haihu. Hajiya ta faɗa mini ta dawo da kula a rufe, ta ce magani ne."

"Hajiya ba ta ga an ƙara ba?"

"Ta gani. Ce mata aka yi ke kika ji kunya kika aiko da ƙari."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da bakinta ta wasa wuƙar, ta miƙa, ta haɗa da lemo.

Hawayen da ta yi wata takwas tana ɓoye wa kowa suka ɓalle. Ba ta share ba. Wani ɓangare na kukan sauƙi ne, ashe ba ruwanta ba ne, ashe hannunta bai yi kuskure ba. Sauran kuwa zallar baƙin ciki ne.

Ya durƙusa a gabanta, bai damu da jiƙaƙƙen siminti ba.

"Gimbiya... Gimbiyata, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Ban taɓa yarda da maganar asiri ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka kin so ki burge Hajiya ne kika cika su, tsautsayi ya gifta. Kullum da ke nake kwana nake tashi. Ko abinci..."

"Ka ɗauka."

"Na'am?"

"Ka ɗauka. Shekara biyu kana zaune a kan bencin nan kana jin ina korar masu kuɗi don sun ce in cika musu gilashi. Ka san ni. Tambaya ɗaya ce, Abduna. Khaulat, nawa kika zuba? Ko a saƙo. Da a ranar komai ya fito."

Sunan ya kuɓuce mata ba da niyya ba, kuma ya ji. Ta ga yadda idonsa ya kawo ruwa. Wayyo zuciya, ba ta da kunya ko kaɗan. Duk abin da ya yi mata, a wannan lokacin sonsa take kamar ranar farko, har ta fara hango abin da ba ta da ikon hangowa.

"Har yanzu ba a ɗaura ba," ta ce a hankali. "Tashi mu je yanzu. Ka tsaya a gaban Hajiya, a kira Zuliha, ka faɗi abin da ka faɗa mini, ni ma in faɗi nawa. Ko ba ka aure ni ba, a wanke mini sunana. In kuma har yanzu kana..."

Ta kasa ƙarasawa.

Ya kalli ƙofa, ya kalli wayarsa da ke ta haske a aljihu.

"Yanzu?"

"Yanzu."

"Gimbiya, gidan cike yake. Mutanen Shira sun iso tun jiya, na Sakwa suna hanya. Zuliha na cikin lalle. Kin san Hajiya da hawan jini, in na tayar da wannan maganar a gaban dangi... Ki bari a gama biki. Hankali ya kwanta. Na yi miki alkawari zan sami lokacin da ya dace in..."

Ta zuba masa ido yana magana, tana jin wani abu na mutuwa a ƙirjinta a hankali, ba ƙara ba motsi. Mutumin kirki ne Abdulsamad, ba ya ƙarya, ba ya zagi, kuma yana sonta, wannan ba ta shakka. Sai dai irin mutanen nan ne da lokacin da ya dace ba ya taɓa zuwar musu. Zuliha kifi ta kashe. Sauran aikin shi ya ƙarasa da shirunsa, kuma ga shi yana sake yi a gabanta.

Ta miƙe ta share fuska da gefen mayafi, ta naɗe hannun riga ta tsamo ragar daga cikin ruwa.

"Tashi, Yallaɓai, wandonka ya jiƙe."

"Khaulat, don Allah..."

"Biyar zan ba ka. In masu jere sun ce sun yi kaɗan, ka ce mai kifin ce marowaciya, an riga an sani."

Ta kama ɗaya, ta kama biyu, tana zubawa a leda mai ruwa. Muryarta ta koma ta shago, wadda take yi wa kowa.

"Ga jarka nan, tsohon ruwan gilashina ne, ka haɗa da ruwan rijiya da ya kwana. Ga tsakuwa, kada a wanke ta da omo. Ledar ka ɗora ta a kan ruwan minti ashirin kafin ka kwance. Kada a cika gilashin har baki. In za a yi turaren wuta ko a fesa maganin sauro, a kashe injin a rufe saman da zane, ɗakin amarya ne, na san ba za a fasa ba. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a ɗebi ruwan da kofi a riƙa tsiyayawa daga sama. Abinci abin da yatsa biyu suka ɗauka, sau ɗaya a rana."

Huɗu ne a ledar. Ta tsaya da ragar a hannu, sannan ta wuce manyan gilasan gaba ɗaya, ta miƙa hannu bayan kanta ta sauko da wata ƴar kwalba. Ta juya masa baya don kada ya gani. Wata takwas tana canza wa ɗan kifin nan ruwa, tana gaishe shi kafin ta gaida kowa. An ce sai ranar da ta tare. To ita ba za ta tare ba, amma lungun nasa ne, da shi aka auna.

Ta hura wa ledar iska, ta ɗaure, ta saka cikin baƙar leda ta miƙa masa.

Ya ciro kuɗi. Ta girgiza kai.

"Gudunmawata ce."

Ya mayar da kuɗin aljihu. Sannan ya rungumi gilashin ya kai mota, ya dawo ya ɗauki jarkar, ya sake tsayawa a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu. Wayarsa ta sake yin ƙara. Ya ɗaga, ta ji yana cewa, "Ga ni nan zuwa, Hajiya."

Ranar Juma'a tun da hantsi ta rufe shago ta shiga motar Katagum, don ba za ta iya zama a garin da ake kiɗan bikin nan ba. Ta sami Kawu Ɗanladi a ƙarƙashin bishiya a bakin kogi yana ɗinkin koma. Ta zauna kusa da shi ta ba shi labari tun daga farko. Bai katse ta ba, allurarsa kawai ke kai da kawowa.

"Kin ba shi kifin ƙwarai?" shi ne abin da ya fara tambaya.

"Na ƙwarai, Kawu."

"Madalla. Da kin ba shi marasa lafiya, da kin zama abin da suka ce." Ya ciji zare. "Sunanki kuwa, ƴata, bar shi. Gilashin zai zauna a ɗakinta, tana gani kullum ba su mutu ba. Ita da shi duk sun san dalili."

"Ina sonsa, Kawu. Har yanzu."

"Na sani. Yi kukanki, nan ba mai ganinki sai ni da ruwa."

Ta kuwa yi, har mayafinta ya jiƙe. Kawu ya tafi masallaci ya dawo, ya same ta inda ya bar ta. A lokacin ta san an riga an shafa fatiha a Azare.

Wajen la'asar wayarta ta yi motsi. Hoto ne. Lungun tsakanin taga da ƙofa, gilashin ya zauna daram kamar a nan aka haife shi, ruwa garau, ƙananan kifi biyar suna yawo. Can sama kusa da fuskar ruwa, ga shuɗin nan mai ɗigon baƙi a wutsiya.

A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Sun kwana lafiya. Na gane shi, Gimbiya."

Ta daɗe tana kallo, har hasken wayar ya mutu ta sake kunnawa. Ta rubuta magana mai tsawo ta goge. Ta sake rubutawa ta goge. A ƙarshe ta tura masa layi ɗaya, kamar yadda ya taɓa tura mata.

"Kada a cika musu abinci."

Ta goge lambarsa, ta kife wayar a kan yashi, ta jawo ɗaya gefen komar ta fara taya Kawu ɗinki.